Uwar Sauro da Mai Feshi

Masu bibiyata a wannan shafi, ku gyara zama, don abin da zan faɗa muku yau ko aminiyata ban faɗa wa ba. Saboda sababbin zuwa kuma, bari in gabatar da kaina: ni ce wadda ta shafe shekaru tana karatu, ta ƙare da kiwon sauro. Eh, sauron dai da kuka sani. A cibiyar binciken da nake aiki ina da ɗaki guda, mai ɗumi da laima kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi, cike da kejina na raga. Ina ba su ruwan sukari a jikin auduga, ina duba ƙwansu, na san wanda ya ƙoshi da wanda ya rame. Aikina shi ne in gano maganin da har yanzu yake kashe su, da wanda suka riga suka raina.

A gidanmu an manta da ainihin sunana. Gwaggo, yayar Abba, ita ta laƙaba mini Uwar Sauro, kuma sunan ya bi ni har wurin 'yan uwan nesa. Amma a waje, in an tambaye ta aikina, sai ta ce likita ce, ta yi maza ta canja magana. Da bakinta ta jawo wata maƙwabciya ta kawo mini kumburarriyar ƙafarta in duba.

Maganar manema kuwa ba daɗin ji. Akwai wanda na faɗa wa aikina, na ga yana jan kujerarsa baya a hankali yana sosa hannu. Wani kuma ya yi mini alkawarin in mun yi aure zai raba ni da wannan wasan yaran, ya buɗe mini shagon sayar da magani. Shekaruna na hararar talatin, Umma ta daina yi mini faɗa, ta koma ajiyar zuciya duk lokacin da katin bikin wata ya shigo gidan.

Wata Asabar da hantsi Gwaggo ta faɗo mana ba sallamar kirki. Ta zube a doguwar kujera, ta tuɓe takalmi, ta sa Auta, ƙanwata, ta juyo mata fanka, sannan ta sanar da cewa ta samo mini daidai ni. Ɗan ƙawarta ne, ɗan kasuwa, yana da babban shago da motocin rarraba kaya da ma'aikata. Umma ta tambayi abin da yake sayarwa.

“Maganin sauro na feshi,” in ji Gwaggo, tana kallona da murmushin wadda ta ci gasa. “Ke ki kiwata, shi ya kashe. Ba mai zaman banza a gidan.”

Auta ta yi dariya har wayarta ta suɓuce. A nan take ta sa masa Mai Feshi, ni ma da wannan sunan na ajiye lambarsa.

Ranar da zai zo, Umma da kanta ta buɗe durowata ta zaɓo doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, da mayafi mai shara-shara wanda ba ya zama a kafaɗa. Ta cire mini tabarau, wai yana mayar da ni shugabar makaranta. Ni kuwa ba tabarau ba na bambance mutum da ƙofa. Haka na shiga falo da faranti a hannu, na russuna, na gaida fankar tsaye da ke kusa da labule.

“Ina nan ɓangaren, Dokta,” wata murya ta ce daga hagu. “Amma fankar ma ta amsa.”

Na ajiye farantin, na zaro tabarauna daga aljihu na maƙala, na ce a raina abin da zai faru ya faru. Dogo ne, siriri, da farar riga mai dogon hannu da ta sha guga, agogonsa ya yi masa yawa yana zamowa. Yana da wushirya, kuma yana ta ƙoƙarin ɓoye dariya ya kasa. A gefen ƙafarsa akwai kwali ɗaure da kintinkiri. Auta da ke leƙe ta yi zaton turare ne. Gwangwanayen feshi ne cike da kwalin, masu koren murfi.

Na shirya wa irin tambayoyin da na saba ji: kin iya girki, yaushe kike tashi daga aiki. Sai kawai ya kurɓi shayi ya ce, shi fa akwai abin da ya daɗe yana damunsa, wai sauro yana barci?

Ku yi mini uzuri, jama'a. Ba a taɓa yi mini tambaya irin wannan a falonmu ba. Na ware baki na yi ta bayani, inda suke laɓewa da rana, yadda macen ce kaɗai take cizo saboda ƙwanta, yadda take jin numfashin mutum daga nesa. Shayi ya huce, mayafi ya zame na manta da shi, Umma na ta tarin ƙarya a bayan labule. Shi kuwa ya tallabe haɓa yana saurare. Da zai tafi ya ce ya yi shekaru yana yaƙi da abokin gaba, yau ne aka fara nuna masa fuskarsa.

Daga ranar, kullum da safe kafin in kai wurin aiki saƙonsa ya riga ni.

“Ina kwana, Dokta. Yaya yaran?”

“Lafiya lau, sun sha sukari.”

“Ki gaishe su. Ki ce musu ina nan tafe.”

Auta ta lura na fara yi wa waya murmushi, ta kai rahoto. Gwaggo ta fara shigowa gidanmu da tafiyar ƙasaita, tana cewa ita idonta ba ya kuskure.

Shi ne mutum na farko da na ba labarin wahalar da na sha a binciken nan. Na gaya masa yadda nake sa takalmin roba, in ɗauki bokiti da ludayi, in bi kwatoci da kududdufai ina kwasar tsutsar sauro, mata na leƙowa ta taga suna tambayar juna ko lafiyata ƙalau. Na gaya masa shekarar da wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, janareta ya ƙi tashi, zafi ya kashe duk sauron da na yi wata da watanni ina raino. Ranar a ƙasa na zauna cikin farar rigata ina kuka kamar an yi mini rasuwa. Farfesa, shugabar sashenmu, wata gajeruwar mata mai furfura wadda ba a taɓa ganin haƙorinta ba, ta shigo ta tsaya a kaina. Na ɗauka lallashi za ta yi. Ludayina ta miƙo mini, ta ce in na gama, kwata na nan inda na bar ta.

Na koma na fara daga farko. Abin da na gano shi ne, sauron unguwanninmu ya daina mutuwa da wani sinadari da ake yawan sa wa a maganin feshi. Na rubuta maƙala na aika wa mujallar masana, suka dawo da ita. Na gyara na sake aikawa, suka sake dawo da ita, har wani daga cikin masu tantancewa ya rubuta cewa yana shakkar ƙaramin ɗakin gwaji irin namu zai iya auna abu daidai. Wannan maganar ta tsaya mini a wuya. Na maimaita gwajin gaba ɗaya, na ɗauki hoton bidiyon kowane mataki, na aika a karo na uku.

Amsar ta zo wata safiya ina tsakiyar canja auduga a keji. An karɓa. Na karanta, na goge tabarau, na sake karantawa, sannan na nufi ofishin Farfesa da safar hannu a hannuna. Ta dubi kwamfutar tsawon lokaci, ta ɗago ta ce, “Ba laifi.” Wanda bai san ta ba ba zai gane ba, amma a sashenmu wannan kalmar daidai take da a ɗaga mutum sama a zaga gari da shi.

Abba, wanda ya yi ritaya daga koyar da lissafi, ya sa aka buga masa shafin farko, ya kai aka sa masa gilashi, ya sauke kalandar falo ya rataye shi a wurin. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa sunana da yatsa. Gwaggo ta matsa kusa ta duba sama da ƙasa, ta ce ita ba ta ga amfanin takardar da ba hoton mutum ba. Mai Feshi kuwa ya aiko da saƙo cewa a faɗa wa yaran uwarsu ta zama babbar mutum, su rage cizo don girmamawa.

To, a nan ne tafiyar ta fara karkacewa.

Saboda maƙalar, aka gayyace ni in yi jawabi a babban taron lafiya, gaban jami'an da suke yanke shawarar maganin da za a saya da wanda za a bari a kasuwa. Farfesa ta ce bayanin sinadari kaɗai ba zai wadatar ba, mutane gwangwani suke saye, don haka mu gwada na kasuwa. Washegari ta shigo da jaka cike da gwangwanaye iri-iri, an rufe sunan kowanne da farin salatif an rubuta lamba. Ina buɗe jakar na ga koren murfi.

Na san abin da za ku ce, kuma ba zan musa ba. Tun ranar da ya kawo kwalin nan na karanta ƙananan rubutun jikin gwangwanin, don ni ko ledar biskit sai na karanta. Na ga sunan sinadarin. Amma na lallashi kaina da cewa wasu kamfanoni kan haɗa da wani abu da yake ƙara masa ƙarfi, ƙila nasa na cikinsu. Na bar maganar a nan, ina amsa gaisuwar yara kullum safe.

Na yi gwajin yadda nake yi wa kowanne, na maimaita, na roƙi abokiyar aikina ita ma ta yi ba tare da ta san komai ba. Sakamako ɗaya muka samu.

Ban iya faɗa masa a waya ba. Na nemi izinin Farfesa, na gayyace shi ya zo ya ga yaran da yake ta aiko wa gaisuwa. Ya iso da la'asar cikin fara'a, aka ba shi farar rigar da ta tsaya masa a gwiwar hannu, ya ce yau shi ma ya zama masani. Na kai shi gaban akwatin gilashin da muke gwaji, na saki sauro a ciki, na miƙa masa gwangwaninsa na ce ya fesa ta ramin da hannunsa. Ya fesa. Ba a jima ba suka fara zubowa ƙasa kamar yayyafi, ƙafafu a sama.

Ya juyo yana gyara wuyan riga, ya yi mini ta'aziyya, ya ce in yi haƙuri, sana'a ce. Na kwashe su a hankali na zuba a kofi mai murfin raga, na ɗora audugar sukari, na sa ya rubuta sunansa a jiki. Na ce ya dawo gobe da safe.

Ya dawo, har da biskit ya kawo wa 'yan sashenmu. Na ɗauko kofin na ajiye a gabansa. Cikin kowane goma, bakwai na tsaye a jikin raga, wasu na kan auduga suna shan sukari hankali kwance.

Na yi masa bayani da muryar da ba ta yi kama da tawa ba. Suma suke yi, ba mutuwa ba. Mai ɗaki zai fesa, ya ga sun zube, ya share ya kwanta da murna, waɗanda suka faɗa bayan gado da ƙarƙashin kujera su farfaɗo su dawo kansa. Ya ɗaga kofin daidai idonsa, ya daɗe yana kallo. Wushiryar nan ta ɓace.

“Tun yaushe kika sani?”

“Na yi zargi tun ranar farko. Na tabbatar makon jiya.”

“Kuma za ki faɗa a taron.”

Na ce ba zan ambaci sunan kowa ba, amma zan faɗi sinadarin, kuma duk mai ido zai iya karanta gwangwani. Ya gyaɗa kai. Ya ce rumbunsa cike yake da sabon kaya da bai daɗe da sauka ba, kuma mutanen da ke ƙarƙashinsa kowanne da iyalinsa. Bai ɗaga murya ba, bai roƙe ni komai ba. Ya cire farar rigar, ya ninke ta da kyau kamar tasa, ya ajiye a kan tebur. Sai da ya kai ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

“Da shi nake fesa wa mahaifiyata ɗaki,” ya ce, ya fita.

Washegari ba saƙo. Kwana na biyu ma haka. Na rubuta masa gaisuwa, alama ta nuna ya karanta, shiru. Na zama mai duba waya a banɗaki, a mota, a gaban keji. Auta da ba ta barin abu ya wuce ta, wannan karon ba tsokana, shayi kawai ta haɗa mini ta ajiye. Nan na san abin ya kai.

Labari ya isa kunnen Gwaggo ta wajen ƙawarta. Ta shigo mayafi a hannu, ko zama ba ta yi ba. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin yarinyar da aka kawo wa miji har falo, ta ɗauke shi ta kai shi ɗakin gwaji ta tabbatar masa da asara ba. Ta ce sauran 'yan mata kwalliya suke nuna wa saurayi, ni gawar sauro na nuna masa, ita ma gawar ta tashi. Ta ce in cire wannan ɓangaren daga jawabin, in yi magana a kan kwata da bokiti, ai su ma ilimi ne.

Na ce, “Gwaggo, ku yi haƙuri, ba zan iya ba.”

Ta juya wurin Abba ta ce ya ji abin da karatunsa ya haifar.

Maganar Umma ta fi yi mini nauyi, don ita ba faɗa ta yi ba. Muna ninke wanki a ɗakinta, ta ce a hankali, ko zan bar Farfesa ta yi jawabin, ni in zauna a cikin mutane? Gaskiya dai za ta fita, amma ba daga bakina ba, yaron ya samu abin da zai riƙe mutuncinsa da shi. Ta ce ta ga yadda nake dariya watannin nan, ta daɗe ba ta ga haka ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin hakan sosai. Amma sai wata mata ta faɗo mini a rai, a ɗaya daga cikin unguwannin da nake kwasar tsutsa. Ta taɓa fitowa ta ba ni ruwa, ta nuna mini tarin gwangwanayen da ta ƙarar a bayan ƙofa, ta ce ba ta fashin feshi, amma 'yarta ba ta wata biyu ba a kwantar da ita da zazzaɓi ba. Ta tambaye ni ko ita ce ba ta iya fesawa ba. A lokacin ba ni da amsa. Yanzu ina da ita, kuma ni na sha rana na nemo ta.

Da yamma Abba ya kira ni baranda, yana zaune da rediyonsa a cinya. Na ɗauka nasiha ce mai tsawo.

“Mamana, lissafin daidai ne?”

“Daidai ne, Abba. Na maimaita, wata ma ta maimaita.”

“To je ki goge rigar da za ki sa.”

Ranar taro na sa riga shuɗiya marar ado, da mayafin da na kafe da allura har uku don kada ya kunyata ni, da tabarauna daram a hanci. Zauren babba ne, sanyin na'ura har cikin ƙashi, kujerun gaba cike da manya masu ɗauke da katin suna a wuya. Ina tsaye kusa da ƙofa ina jiran lokacina, wani mai tumbi ya yafito ni ya ce ruwan teburinsu ya ƙare. Na ɗauko masa roba biyu na ajiye cikin ladabi. Ina juyawa aka kira sunana a lasifika. Da na hau dandamali na hango shi riƙe da robar ruwan, ya rasa inda zai sa ta.

Da farko tsoro ya kama ni. Sai na kunna bidiyon gwajin feshin. Sauro suka zube a kan allo, zauren ya yi ɗan guna-gunin gamsuwa. Hoton safiya ya biyo baya, suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna gyara fiffike. Aka fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu da kanta, don kowa ya tuna da ɗakin kwanansa. Daga nan ban sake jin tsoro ba. Na faɗi sinadarin, na faɗi alƙaluma, na faɗi abin da har yanzu yake aiki, na kuma ce 'yan kasuwar da ke sayarwa ba maƙaryata ba ne, sauron ne ya canja ba a sanar da su ba.

Wani babban masani ya tashi ya yi doguwar tambaya wadda ainihinta shi ne, anya yarinya? Na buɗe masa sakamakon maimaitawar, na gayyace shi ya zo da nasa sauron mu gwada tare. Aka tafa, tafi mai tsawo. A layi na uku na hango Abba cikin rigarsa ta fita kunya, ya ɗaga waya yana ɗaukata, yatsansa ya rufe rabin kyamarar. Farfesa na gefe, kuma wallahi na ga haƙorinta. Guda biyu ne, amma na gani.

Ina saukowa mutane suka kewaye ni. Cikinsu wata dattijuwa, shugabar wata cibiyar bincike a ƙasar waje, ta ja ni gefe. Ta ce suna da gurbi na shekara biyu, da kayan aikin da ni a hoto kawai nake ganinsu, kuma irina suke nema. Ta ba ni katinta, ta ce tana son amsa kafin ƙarshen wata. Farfesa da ta ji komai ta ce da ita ce, da ta fara neman akwati.

Ban gama tantance abin da nake ji ba wayata ta yi motsi a jaka. Mai Feshi.

“Ina kujerar baya tun farko. Kin burge ni, kin kuma karya ni, duk a tsayuwa ɗaya. Ina wajen ajiye motoci. Tambaya biyu gare ni. Ɗaya ta sauro ce.”

Na nuna wa Abba cewa zan fita. Ya dube ni ta saman gilashinsa, ya ce shi bai gama gaisawa da mutane ba, kada in yi sauri.

Yana tsaye jingine da mota cikin rana, ya rame kaɗan, rigar yau ba ta sha guga sosai ba. Muka gaisa kamar baƙi. Ya ce kwanakin nan ba fushi yake da ni ba, ko kuma dai ya yi na kwana biyun farko. Sauran ya yi su ne yana waya da kamfanin da ke kawo masa kaya, da zama da ma'aikatansa. Ya tsayar da motocin rarrabawa, ya rufe rumbun. Bai san yadda zai fita daga asarar ba tukuna, kuma akwai waɗanda suka ce ya haukace, tunda ba wanda ya hana shi sayarwa. Amma ya ce tun da ya ga kofin nan, hannunsa ya ƙi miƙa wa kowa gwangwanin.

“Tambayar farko,” ya ce. “Wanda kika ce yana aiki, za ki gwada mini shi kafin in sayo ko kwali ɗaya?”

Na ce za a gwada, amma da sunan a rufe, kuma ba ni kaɗai ba, kuma in ya faɗi zan faɗa masa ya faɗi.

“Wannan ai na gani da idona.” Wushiryar ta leƙo kaɗan.

Na gyara tsayuwa. Na ce, “Ta biyun fa?”

Ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka a hannuna. Ashe katin matar nan na nan tsakanin yatsuna, na dunƙule shi har ya lanƙwashe. Ya karkata kai ya karanta sunan cibiyar da sunan ƙasar da ke ƙasansa. Ya ɗago ya dube ni, ya sake duban katin.

“Dokta,” ya ce a hankali, “tafiya za ki yi?”

Kafin in haɗa kalma ɗaya, gilashin bayan motar ya zuge ƙasa. Gwaggo ce zaune a ciki, ta sha ɗauri kamar mai zuwa biki, kusa da ita wata dattijuwa mai wushirya irin tasa sak.

“Wace tafiya kuma?” in ji Gwaggo. “Uwar Sauro, matso ki gaida surukarki, sannan ki miƙo mini katin nan in gani.”